Bej ko Girej: Launin Gwangwani Dabam, Na Bango Dabam

Fenti shi ne aikin ƙarshe a ginin gida, kuma yakan zo ne a lokacin da aljihu ya riga ya gaji. Kafin a kai gare shi an sayi fili, an biya kuɗin takardu, siminti da ƙarfe sun cinye abin da aka tara shekara da shekaru, kwanon rufi ya kwashe saura. Ma'aikacin gwamnati ya yi adashi ya haɗa da bashin banki, ɗan kasuwa ya taɓa uwar kuɗi. Shi ya sa mai gida kan shiga kanti a gurguje, ya nuna wani launi da yatsa, ya ce a haɗa masa bokiti uku. Alhali kuwa tubalin da ya sha wahala a kansa ba zai ƙara ganinsa ba, fentin da ya zaɓa cikin minti biyar shi ne zai riƙa kallo safe da yamma har shekaru masu yawa.

Daga cikin launukan da ake gardama a kansu a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, akwai guda biyu waɗanda wa da ƙane ne, har mai ganinsu a takardar kanti yakan ɗauka abu guda ne. Na farko shi ne bej, wato ruwan ƙasa mai haske, kamar rairayin gulbi da rani. Na biyu shi ne girej, wanda ya tsaya tsakanin ruwan ƙasa da ruwan toka. Sunayen biyu duk daga masaƙa suka fito. A Faransanci, asalin kalmar bej sunan ulun tumaki ne wanda ba a rina ba, ba a kuma wanke shi ya yi fari ba. Girej kuwa ta samo tushe daga Italiyanci, ma'anarta ɗanye, kuma da ita ake kiran siliki kamar yadda ya fito kafin a gyara shi. Ke nan tun fil azal launuka ne na abin da aka bari yadda yake, ba su da hayaniya, ba su neman a dube su.

A cikin bokiti ma zumuncinsu a fili yake. Uwar haɗin farin fenti ce, wanda farinsa ya fito daga garin ma'adinin titaniyom. A kansa ake ɗiga launi kaɗan kaɗan, kuma galibin launin nan tsatsar ƙarfe ce, wato abin da ya sa ƙasar burji ta yi ja, yumɓu ya yi rawaya. In aka zuba rawaya da ɗigon ja, an sami bej. In aka rage rawayar aka ƙara ɗigon baƙi, bej ya huce ya koma girej. Bambancin bai wuce ƴan cokula ba a bokiti guda, amma in ya hau bango huɗu sai ya zama bambancin ɗaki mai ɗumi da ɗaki mai sanyi a ido.

Yayin girej daga ƙasashen sanyi ya taso, musamman Amurka, inda a shekarun 2010 ruwan toka ya ture bej daga gidaje da yawa. Can akwai kamfanin fenti mai suna Sherwin-Williams, wanda aka kafa a birnin Cleveland a 1866, kuma launukansa biyu sun yi suna ƙwarai: Accessible Beige mai lamba SW 7036, da Agreeable Gray mai lamba SW 7029. Masu sana'ar suna da ma'aunin yawan hasken da launi ke maidowa, daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 100, fari fat. A wannan ma'auni na farko yana da 58, na biyu yana da 60. Tazarar maki biyu ce kacal, ido bai ma gane ta. Ashe duk gardamar ba a kan haske da duhu take ba. A kan ɗan launin da ke ɓoye ƙarƙashi take, ɗaya ya karkata wajen rawaya, ɗaya wajen toka. Ko da kantin unguwa bai da waɗannan gwangwanaye, hotunan gidajen da aka shafa da su suna yawo a wayoyin hannu, kuma su ne ake miƙa wa mai fenti a ce: irin wannan ake so.

Haka ta faru tsakanin wasu ƴan'uwa biyu a Maraɗi da suka haɗa ƙarfi suka sāke gina gidan mahaifiyarsu. Wan ɗan kasuwa ne mai sayar da hatsi da kayan gini, ƙanen ma'aikaci ne da ya yi shekaru yana aiki a Yamai. Ba su saɓa ba a kan tsadar siminti, ba su saɓa ba a kan ladan magina, sai da aka zo ga fenti.

Ƙanen ya fito da waya ya ce: "Yaya, dubi wannan. Girej ake yayi yanzu. Bej ɗin nan kuwa launin biro ne, launin lakol da ɗakin jiran likita. Daga safe zuwa yamma shi nake kallo a wurin aiki, ba zan dawo gida in tarar da shi ba."

Wan ya daɗe yana duban hoton, sa'an nan ya ce: "Auta, ni abin da nake gani a nan bangon sitona ne. Yaya za a yi in biya kuɗi a mai da mini ɗakin Inna launin siminti?"

Mai karatu zai lura cewa babu ɗaya daga cikinsu da ke maganar fenti zalla. Kowa yana gudun launin wurin da yake shan wahalar neman abinci. Ma'aikaci ya gaji da bangon ofis mai ruwan madara da ya dushe, ɗan kasuwa ya gaji da ƙurar buhunan siminti. Akwai kuma na uku da ba a faɗa a fili: a wurin mutane da yawa da suka tashi a gidan laka, launin ƙasa yana tuna musu da talauci, don haka in Allah ya buɗa suka yi na siminti, sai su so launin da zai shaida wa baƙo cewa an bar laka a baya. Wannan ba abin dariya ba ne, domin mutum da zuciyarsa yake zama a ɗaki. Sai dai zuciya ba ita kaɗai ke da ta cewa ba. Akwai alƙalai huɗu da suke yanke wa launi hukunci bayan mai kanti ya karɓi kuɗinsa: rana, ƙwan lantarki, kayan ɗaki da ƙura.

Mai fentin da ƴan'uwan suka ɗauka dattijo ne, bai shiga gardamarsu ba. Ya ce su saya masa lita ɗaya ɗaya, ya shafa kowane launi faɗin mita guda a bango biyu na ɗakin baƙi, ya ce a dawo bayan kwana uku, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.

Alƙali na farko rana ce. Shawarwarin da ke biye da hotunan waya an rubuta su ne don ƙasashen da rana ba ta hawa tsakar ka. A Paris, a watan Disamba, tsayin rana da tsakar rana bai wuce digiri 18 ba daga doron ƙasa. A Yamai ko Maraɗi, a wannan lokaci, tana kusan digiri 53. A can ana cewa tagar da ke duban arewa haskenta mai sanyi ne koyaushe, saboda da tsakar rana kullum rana tana kudu. A nan kuwa garuruwan kudancin Nijar suna tsakanin digiri 13 da 15 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana takan ratsa ta arewa. Bugu da ƙari, hasken da ke shiga ɗaki ba daga sama kaɗai yake zuwa ba. Yakan bugi tsakar gida mai jan rairayi da katangar maƙwabci, ya ɗauko launinsu, sa'an nan ya shiga ta taga. Irin wannan haske yakan ƙara wa bej ƙarfi, har da la'asar ya koma kamar ruwan zuma. In dama an cika masa rawaya a haɗi, sai ya yi nauyi a ido. Girej kuwa a hasken nan yake samun kyansa, domin ɗumin rana yana tausasa tokarsa.

Alƙali na biyu yana zama ne bayan magariba, lokacin da ma'aikaci da ɗan kasuwa suka fi zama a gida. A jikin kwalin ƙwan lantarki, ampul ke nan, akwai wata lamba da harafin K a bayanta wadda mai saye bai cika dubawa ba. Mai lamba 2700 haskensa rawaya ne irin na tsohon ƙwai mai zare. Mai 6500 fari ne mai shuɗi-shuɗi irin na neyon. Mai 4000 yana tsakani. Mafi yawan ƙwayayen LED masu araha da fitilun sola da ake kunnawa in wuta ta ɗauke suna cikin masu farin haske. Ƙarƙashin irinsu bej yakan huce ya yi tsaf, girej kuwa ɗan ɗumin da ke cikinsa sai ya gudu, tokar kaɗai ta rage. A dare na biyu mahaifiyar ƴan'uwan ta leƙa ɗakin, ta yaba gefen bej, sa'an nan ta nuna gefen girej ta ce: "To wannan ɓangaren kuma, yaushe za a shafa masa fentin?" Ba da zolaya ta faɗa ba. A farin hasken nan ta ɗauka yaɓen siminti ne bai sami fenti ba tukuna. Da aka sauya ƙwan da mai lamba 2700, wuri guda ɗin nan ya koma launi mai taushi da kwarjini, har wan da kansa ya yi shiru.

Alƙali na uku shi ne abin da ke kusa da bango. Duk mai sayar da atamfa ya san cewa zane yakan canza fuska gwargwadon wanda aka jera kusa da shi. Wani masani Bafaranshe mai suna Chevreul, shugaban marinar masaƙar Gobelins a Paris, ya rubuta littafi a kan wannan a 1839, bayan an yi ta kawo masa ƙara cewa rininsa bai kama ba. Da ya bincika sai ya gano rinin lafiya lau yake, launin da ke maƙwabtaka da shi ne ke ruɗin ido. Ƙa'idar mai sauƙi ce: launi mai ƙarfi yakan tura maƙwabcinsa zuwa kishiyarsa. Jan kafet, jajayen kujeru da labule mai ruwan goro, waɗanda suka cika ɗakunan baƙi a ƙasar Hausa, sukan sa girej ya yi kore-kore kamar gansakuka. Farin tayil mai sheƙi, wanda a nan aka fi sani da karo, da tagogin alminiyom, sukan sa bej ya yi kamar farin da ya tsufa ya yi dauɗa. Saboda haka wanda ya riga ya shimfiɗa daɓensa, ko aka riga aka yi wa amarya jere, ya sani an rigaya an zaɓar masa rabin launin bangonsa.

Alƙali na huɗu ba ya hutu, kuma shi ne babu shi a hotunan Amurka. Ƙura iri biyu ce take shiga gidajen ƙasar nan. Akwai ta hunturu, daga Nuwamba zuwa Maris, wadda iskar arewa maso gabas ke kawowa; kaso mai yawa nata yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, gurbin wani tsohon babban tafki da ya ƙafe, kuma da yake ragowar ƙananan halittun ruwa ce, launinta fari-fari ne mai toka. Wannan ba ta tona asirin girej, ba ta kuma cika damun bej ba. Akwai kuma ta titi, jar ƙurar burji da rairayi da babura da manyan motoci ke tayarwa duk shekara, wadda ke manne wa gumi a tafin hannun yara ta sauka a gefen ƙofa da kewayen makunnin wuta. Wannan ƴar'uwar bej ce, tsatsar ƙarfe ɗaya ta haife su, don haka takan saje da shi. A kan girej kuwa takan fito sarai kamar tabon manja a farar riga. Gidan da ke bakin hanya, mai taga a buɗe da yara da yawa, in ya zaɓi girej to ya ɗauki aikin goge bango.

Ƴan'uwan sun rabu a kan abin da idonsu ya gani, tunda gani ya kori ji. Zaure, baranda da ɗakin mahaifiyarsu, masu duban hanya, aka shafa musu bej da aka rage wa rawaya. Ɗakin ciki mai farin karo da na'urar sanyaya ɗaki, inda ƙanen ke sauka in ya zo hutu, aka ba shi girej tare da ƙwai mai hasken ɗumi. Babu wanda ya ci, babu wanda ya faɗi, kuma asarar da aka yi ba ta wuce lita biyu da kwana uku ba.

Game da masu jin kunyar launin ƙasa, akwai abin tunawa. Kafin gwangwanin fenti ya zo, maginan ƙasar nan sun san farar ƙasa da jar ƙasa, sun san makubar ɗorawa da ake yaɓe da ita, kuma mai yawo a unguwar Birni ta Damagaram har yau yana ganin gidaje masu zane da suka fito daga wannan gwaninta. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya soma a 1962, da laka aka yi shi, kuma ya sami kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013 da launinsa na ƙasa. A Dandaji, ginin Hikma da Mariam Issoufou Kamara ta tsara tare da abokiyar aikinta, wanda aka kammala a 2018, da tubalin ƙasa matsattse aka yi shi, kuma mujallun duniya sun buga hotunansa. Launin da wasu ke gudu a gida shi ne baƙi ke tahowa gani daga nesa. Ba wai girej haramun ne ba. Abin nufi, kada a ƙi bej don kawai ya yi kama da gidan kaka, kada kuma a so girej don kawai ya zo daga ƙetare, domin kayan aro ba ya rufe katara.

Wanda ya tsai da shawara, saura lissafi. Ɗaki mai mita 4 tsawo, 4 faɗi, 3 tsayi yana da bango murabba'in mita 48. In aka cire ƙofa da taga ya rage kamar 44. Lita ɗaya ta fentin ruwa, wanda masu aikin ke kira fom, takan rufe kimanin murabba'in mita 10 a shafa ɗaya, kuma shafa biyu ake yi, ke nan wajen lita 9, ban da shafar farko da sabon bango ke sha. Sabon yaɓen siminti yana son kimanin kwana 28 kafin a ɗora masa fenti, in aka yi gaggawa sai ya tofo farin gishiri, fentin ya kumbura ya ɓare. In da hannu za a haɗa launi, a haɗa na ɗakin gaba ɗaya a mazubi guda, a kuma rubuta yawan abin da aka zuba a ajiye, domin launuka masu taushi irin waɗannan ba su yafe kuskuren cokali ɗaya: bokiti na biyu zai bambanta da na farko, iyakarsu ta fito a tsakiyar bango. Kada a yanke hukunci a kan ɗanyen fenti, sai ya bushe yake nuna gaskiyarsa. Kada kuma a bar mai aiki ya cika masa ruwa don ya auku, araha ba ta ado.

Akwai magana guda da ta fi launi nauyi. Masu son bango mai gogewa sukan shafa fentin mai daga ƙasa zuwa tsayin kafaɗa, daidai inda yara ke taɓawa. Wasu fentin mai, musamman masu rawaya da ja mai kauri, ana samun dalma a cikinsu, kuma dalma guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara in fentin ya tsufa ya zama gari. Iyakar da hukumar lafiya ta duniya, OMS, da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya suke kira a kiyaye ita ce kashi 90 cikin miliyan ɗaya. Ya kamata mai saye ya duba jikin gwangwani, mai kanti kuma ya tambayi wanda ke kawo masa kaya. Bej da girej na ruwa, da tsatsar ƙarfe ake ba su launi, ba su bukatar dalma ko kaɗan.

Daga ƙarshe dai, aikin waɗannan launuka biyu shi ne su yi shiru. A gidan Bahaushe ado ba a bango yake ba. Yana jikin shaddar maigida ranar Juma'a, yana cikin atamfar mata ranar suna, yana kan tabarma da jeren kwanoni da fuskokin baƙi. Bango mai kyau shi ne wanda ya ja da baya ya bar waɗannan suka fito. In baƙo ya shiga ya zauna, ya sha ruwa, ya yi hira ya tashi, ya ce ɗakin nan da daɗin zama amma bai iya tuna launinsa ba, to mai gida bai yi asarar kuɗinsa ba, ko bej ya shafa ko girej.